3.2 Tarihin Dalma da Azurfa a Birnin Kano

Masana kimiyyar ma'adinai sun tabbatar da cewa dalma da tutiya da azurfa galibi a dutse guda ake samun su. A Nijeriya irin wannan dutse yana kwance ne a kwarin Binuwai, musamman a Zurak ta ƙasar Wase, da Arufu ta yankin Wukari, da kuma Abakaliki. Ɓangarensa mai nauyi da ƙyalli, wato wanda ya ƙunshi dalma da farar wuta, shi ne Bahaushe yake kira tozali.

Birnin Kano ya daɗe da sanin tozali. Fatake ne suke kawo shi Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), 'yan koli kuma su sayar wa mata, su niƙa, su zuba a tandu don kwalliyar ido. Sai dai azurfar da maƙeran farfaru suke ƙera mundaye da zobba da kayan adon doki da ita, ta wata hanya daban take zuwa. A ƙarni na 19 sukan narka tsabar azurfa ta ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Teresa, wadda ke ɗauke da shekarar 1780, da ake shigowa da ita ta hamada.

Dalili kuwa shi ne, azurfar da ke cikin dutsen 'yar kaɗan ce, raba ta kuma aiki ne mai wuya. A masana'antar zamani akan niƙa dutsen, a ware garin tutiya, a gasa shi, sannan a jiƙa shi da ruwan asid irin na batir. Tutiya takan narke ta bi ruwa, dalma da azurfa su saura a dusa. Daga nan sai a narka dusar. A shekarar 1850 Alexander Parkes na Ingila ya fito da dabarar zuba tutiya a cikin narkakkiyar dalma, inda takan janye azurfar ta taso sama a kwashe.

Bisa ga haka, ana iya cewa Kano ta sayi azurfa daga nesa, ta kuma shafa dalma a ido. Wannan al'ada tana da haɗari, domin dalma guba ce, musamman ga jarirai da ake sa wa tozali. Annobar gubar dalma da ta auku a Zamfara a shekarar 2010, sakamakon niƙa dutsen zinari a cikin gidaje, ta hallaka yara fiye da 400.