Tsuntsun Kada a Tsofaffin Zane-zane

Kogin da ya raba Kakuri da Makera daga arewacin garin Kaduna ya sami sunansa daga kadduna, watau jam'in kada. A rairayin irin waɗannan koguna ne ɗan tsuntsun da Turawa suka laƙaba wa tsuntsun kada yake kiwo. Masu zanen Turai na ƙarni na 19 sukan zana shi cikin bakin kada, yana yi masa sakace. Ba da ido suka gani ba, daga Herodotus na Girka suka gada, shi kuwa matsattsaku ya ce tsuntsun yana tsincewa. Har yau ba a tabbatar ba. Abin da aka tabbatar shi ne yakan binne ƙwansa cikin rairayi, in rana ta take ya jiƙo gashin cikinsa ya sanyaya wurin.