Yadda Hausa ta jawo ɗaliban Amurka da na Asiya zuwa ƙasashenmu

A Zangon Kwatano da Placodji mun saba ganin samarinmu suna neman gurbin karatu a Amurka, wasu kuma suna koyon Sinanci da fatan zuwa ƙasar Sin. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne, fiye da shekara 60 ke nan ɗalibai daga waɗannan nahiyoyi biyu suke ƙetaro teku domin su koyi harshen da muke ciniki da shi a kasuwar Dantokpa.

Siyasar Yaƙin Cacar Baka ce ta fara buɗe hanyar. A 1958, shekara guda bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, majalisar Amurka ta yi dokar da ta ware kuɗi don koyar da harsunan da jami'o'inta suka yi wa riƙon sakainar kashi, Hausa kuwa ta samu rabonta. A 1961 Shugaba Kennedy ya kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta Peace Corps, wadda ta riƙa turo matasa da suka gama jami'a. Paul Newman yana cikin rukunin farko da ya sauka Nijeriya. Daga baya ya shugabanci Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, a 2000 kuma ya fitar da babban littafinsa na nahawun Hausa. Russell Schuh, wanda aka laƙaba wa Malam Takalmi, ya yi nasa aikin sa-kan a Nijar, sannan ya shafe shekaru yana koyar da Hausa a jami'ar UCLA ta Kalifoniya.

Ƙasar Sin ma ba ta zauna ba. A 1963 gidan rediyonta na ƙasashen waje ya fara watsa shirye-shirye da Hausa, shekara 6 bayan BBC, shekara 16 kafin Muryar Amurka. Rediyo kuwa sai da ma'aikata, don haka a 1964 makarantar koyon harsunan waje ta Beijing ta soma koyar da Hausa. An riƙa turo wasu daga cikin ɗaliban zuwa jami'o'in arewacin Nijeriya don su goge bakinsu, har suka ɗauki sunayen Hausa da masu sauraro suka san su da su. Jami'ar Hankuk ta Koriya ta Kudu ita ma ta sa Hausa cikin harsunan Afirka da take koyarwa. Sai a ranar 1 ga Janairu 1979 Amurka da Sin suka ƙulla cikakkiyar hulɗar jakadanci, amma tun kafin nan ɗalibansu sun daɗe suna fama da ƙa'idojin harshe ɗaya, suna karanta Magana Jari Ce ta Abubakar Imam.

Gwamnati tana iya biyan kuɗin jirgi, amma harshe a gidan mutane ake koyonsa. A nan ne tarihin zango ya shigo. Lokacin da fatake suke bin hanyar goro daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, suna yada zango a Nikki da Parakou da Djougou, a arewacin ƙasarmu ta yau. A kowane zango akwai mai masauki. Shi yake ba baƙo ɗaki, shi yake yi masa tafinta, shi yake tsaya masa idan an yi bashi ko an samu saɓani. Waɗannan abubuwa uku su ne har gobe ginshiƙin duk wani shirin musayar ɗalibai. Jami'ar Boston ta yi sama da shekara 20 tana tura ɗalibanta Yamai, inda suke koyon Hausa ko Zabarmanci, suna cuɗanya da iyalai da masu sana'ar hannu.

Rashin tsaro ne ya yanke igiyar. A Janairun 2011 'yan bindiga suka sace wasu Faransawa biyu a tsakiyar Yamai, kuma dukkansu sun rasa rayukansu. Cikin watan, Peace Corps ta kwashe mutanenta daga Nijar, inda take tun 1962, jami'ar Boston ma ta dakatar da shirinta. A 2012 hare-haren Boko Haram suka girgiza Kano, har cikin Jami'ar Bayero. Tun daga lokacin jami'o'in waje suka ƙara ɗari-ɗari da tura ɗalibansu ƙasar Hausa.

Mu kuma muna zaune a birnin da baƙin nan ba su daina zuwa ba. 'Yan Peace Corps sun fara aiki a ƙasar nan a 1968, tun tana Dahomey. Sin ta buɗe cibiyar al'adunta a Kwatano a 1988, tana cikin na farko da ta kafa a waje, a 2009 kuma aka buɗe Cibiyar Confucius a Jami'ar Abomey-Calavi. Ga masallatai, ga kasuwa, ga gidajen da ake jin Hausa safe da yamma. Gibin yana wajen rubutu. Yaranmu da suka yi lakwal suna rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, su sa "ch" a wurin "sh", su sa "ou" a wurin "u", ƙ da ɗ da ɓ kuwa ba a zancensu. Ɗalibar Beijing da ta yi shekara 4 a aji tana iya gyara wa ɗan Zango rubutun harshen da ya tsotsa a nono.

Gyaran yana hannunmu. Makarantunmu na Islamiyya za su iya ware awa guda a mako don rubutun boko da ajami. Ɗalibanmu na Abomey-Calavi su zauna da dattawa su rubuta tarihin gidajen Zango tun masu saninsa suna raye. Wanda ya iya rubuta Hausa da kyau, ga Faransanci a bakinsa, yana iya zama malami ko tafinta, kuma idan ya nemi gurbin karatu a waje yana da abin da zai kai musu. Allah Ya sa mu gaji kakanninmu wajen karɓar baƙi, Ya kuma tsare mana harshenmu.