Karatun 'Ya'yan Hausawa Mazauna Ƙasashen Waje: Jiya da Yau

Yanzu akwai 'yan ajinmu da aiki ya kai su Saudiyya da Ingila tare da iyalinsu, kuma damuwarsu ɗaya ce, wato inda za su sa yara makaranta. Shi ya sa na ga ya kamata mu waiwayi yadda magabata suka yi, domin Bahaushe ya daɗe yana zaman baƙunta.

Hanya ta farko ita ce a tafi da makarantar gida can. Fataken goro da suka zauna a Salaga, cikin ƙasar Gonja, ba su yarda zango ya zauna babu malami da allo ba. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya koyar a Salaga, sa'an nan ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin basasar 1892, ya ci gaba da karantarwa har rasuwarsa a 1934. Yara sun riƙe addini da harshe, har Hausa ta zama harshen zango. Amma da boko ya zama tsanin shiga aikin gwamnati, sai 'ya'yan zango suka sami kansu a baya. Wannan ne ya haifar da makarantun da ke haɗa Turanci da Larabci, waɗanda gwamnatin Gana ta kafa wa sashe na musamman a 1987.

Hanya ta biyu ita ce a bi makarantar masu masauki. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Jikokinsu sun yi karatu da Larabci, suka shiga ayyukan ƙasar, amma a birane irin su Khartoum wasu sun tashi harshen iyaye bai zauna a bakinsu ba.

Hanya ta uku ita ce a bar yaro a gida. Mu a Dutse mun san ta. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a watan Agusta na 1991, ma'aikata da dama da aka turo daga Kano sun bar iyali a can saboda gida da makaranta, suna zuwa ƙarshen mako. Wasu kuwa makarantun kwana suka riƙe musu yara. Yaro yakan tashi cikin nasa, amma nesa da idon uba.

A ganina darasin a fili yake: kowace hanya da abin da take ci. Wanda ya zaɓi makarantar Turawa a Landan ko Jidda, to ya sani Hausa da karatun allo sun koma wuyansa, sai ya yi musu lokaci a cikin gida, ya kuma riƙa kawo yara hutu. Wanda ya turo ɗansa gida kuwa, mu da muke nan ne iyayensa. Ina roƙon ƙungiyarmu ta ɗauki ziyarar irin waɗannan yara a makarantunsu a matsayin aikinta. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.