Man Fetur a Cikin Rijiya

Jama'a, duban ido ba ya nuna lafiyar ƙasa, sai an tona an auna. Ku ji abin da ya faru a ƙasar Ogoni, can Jihar Ribas. Tun 1958 aka sami mai a wurin, mutane kuwa suna ta shan ruwan rijiyoyinsu. Sai a 2011 masanan Majalisar Ɗinkin Duniya suka fid da rahoto, bayan sun yi ta haƙa ramuka suna ɗibar ƙasa da ruwa. A Nisisioken Ogale suka tarar da mai, kaurinsa wajen inci 3, kwance bisa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Wani dafi kuma, wai shi benzin, mai kawo ciwon daji, ya ninka abin da aka yarda da shi fiye da sau 900. Suka ce gyara zai ci shekara 25 zuwa 30.