DAGA JASCON-4 ZUWA GORONYO: WA ZAI NUTSA YA CIRO MU?

Jama'a, ku ɗan ba ni aron hankalinku. Mu nan Araba ba mu da teku, ruwan da muka sani shi ne tabkin Kalmalo, shi ma sai shekarar da damina ta yi kyau. Amma duk sanda kwalekwale ya kife a jiharmu, akwai labarin da ke faɗo min a rai.

Ranar 26 ga Mayu, 2013, da asuba, wani jirgin ruwa mai jan tankar mai, sunansa Jascon-4, ya kife a teku daura da Escravos ta jihar Delta. Mutum 12 ne a ciki. Jirgin ya sauka ƙasan ruwa a kife, zurfin mita 30. Kukun jirgin, Harrison Okene, yana ban ɗaki abin ya faru. Ya yi ta lalube cikin duhu har ya samu wani lungu da iska ta maƙale. A nan ya zauna kusan awa 60, daga shi sai gajeren wando, ga sanyin ruwa, guzurinsa kwalbar Coca-Cola ɗaya.

A rana ta uku masu nutso 'yan Afirka ta Kudu suka shiga jirgin. Gawa suka je nema, ba mai rai ba. Kwatsam wani hannu ya kamo ɗayansu. Duk da haka ba su fito da shi nan take ba. A wannan zurfin nauyin ruwa da iska ya ninka na tudu sau huɗu, iskar da ya daɗe yana shaƙa ta narke cikin jininsa. Da an ɗago shi kai tsaye, da ta yi kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo, ta kashe shi. Sai da ya ƙara kwana biyu da wani abu a ɗaki na musamman ana rage masa nauyin sannu a hankali. Shi kaɗai ya tsira. A 2015 shi ma ya zama ƙwararren mai nutso.

Allah ne Ya raya shi, babu ja. Amma sanadin fa? Ilimi da kayan aiki. Tun 1943 Turawan Faransa biyu, Cousteau da Gagnan, suka ƙera na'urar da mutum zai goya tukunyar iska ya yi numfashi a ƙasan ruwa.

To mu ma ba baƙin ruwa ba ne. Sarkawa da Kabawa sun gaji nutso tun kaka da kakanni, kuma sarautar Sarkin Ruwa ba yau aka fara ta ba. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara, har UNESCO ta karrama shi a 2016. Sai dai jarin mai nutsonmu huhunsa ne kawai. Minti ɗaya, biyu, dole ya taso.

Ku tuna Warrah ta Kebbi a Mayun 2021, jirgi ɗauke da mutum fiye da 150. Ku tuna Gidan Magana ta Shagari a Afrilun 2022, rayuka 29, yawanci yara. Ku tuna masu zuwa kasuwar Goronyo a Agustan 2025. Su wa ke fara faɗawa ruwa? Masunta, da gajeren wando, babu ko tabarau.

Gaskiya ɗaya ce: kwalekwale ba shi da lungun iska irin na Jascon-4. Wanda bai iya ruwa ba, kafin taimako ya iso ya tafi. Don haka rigar ceto da daina lodi fiye da ƙima su ne na farko. Na biyu, a ɗauki 'ya'yan Sarkawa a horar da su, a ba su tukunyar iska da fitila da albashi, a ajiye su kusa da kowace babbar mashiga. Ko gawa ce, uwa tana son a kawo mata ɗanta ta ga an yi masa sutura.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi wanga batu. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya tsare na baya. Amin.