Maganin ɗigawa na siteroyid da bushewar ido

Bushewar ido na aukuwa ne idan hawaye ya yi ƙaranci ko yana saurin ƙafewa, lamarin da kan tsananta a lokacin hunturu.

Likitoci kan rubuta maganin ɗigawa mai sinadarin siteroyid domin kwantar da kumburin da ke haddasa raɗaɗi da jan ido. A shekarar 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irinsa mai suna Eysuvis, amma na makonni biyu kacal.

Dalili kuwa shi ne, daɗewa ana ɗiga shi kan jawo yanar ido da kuma hawan jinin ido, wanda ke cinye jijiyar gani sannu a hankali ba tare da wani ciwo ba. Ganin da aka rasa ta wannan hanya ba ya dawowa.