Karatun Iska a Zazzau

Unguwarmu Kwangila ba ta da teku, ko tafkin kirki ba ta da shi, amma duk wanda ya tashi a nan ya san iskar shekara iri biyu ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana zuwa daga arewa maso gabas, busasshiya, da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Idan bazara ta kama sai ta juyo daga kudu maso yamma, ɗauke da laimar Tekun Atalantika. Hadari kuwa daga gabas yake tasowa, ya turo guguwa gabansa, ta kwashe rumfunan 'yan tireda a ƙarƙashin gada kafin ɗigo ɗaya ya sauka.

A da, sanin wannan aikin kowa ne. Kakata ba ta fara shiƙar dawa sai ta ɗebi ƙasa ta sake ta, ta ga inda ta nufa, sannan ta gyara tsayuwa don kada ƙaiƙayi ya dawo mata. Masunta a kogin Galma su duba fuskar ruwa kafin su tura kwalekwale. Malaman hisabi kuma suna ƙidayar taurarin damina, su Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara da Ɗarfa, kowanne kwana 13, manoma na tambayarsu wanne ya kama. Ni dai ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin camfi ba. Kalanda ce ta mutanen da suka daɗe suna lura.

Awo da na'ura ya iso tare da Turawa. An buɗe tashar binciken gona a Samaru a 1922, aka shiga rubuta ruwan sama da zafi a littafi. A 1964 aka kafa Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, nan gaba kaɗan da mu a hanyar Samaru. Matuƙi da iska a gabansa yake so ya tashi, da ita a gabansa yake so ya sauka, shi ya sa ake rataya doguwar jakar yadi a gefen fili: inda jelarta ta nuna nan iska ta nufa, in ta miƙe sosai ta kai not 15, wato kusan kilomita 28 a awa. Masu hasashen yanayi a Najeriya sun daɗe suna sa ido kan rahoton garin Faya-Largeau na Chadi, domin ƙurar da ta tashi can takan iso Kano cikin kwana ɗaya ko biyu. Tun 2003 aikin yana hannun hukumar NiMet.

Matasan da ke tsere a teku da allo da tanti, a Legas ko Dakar, tambayoyin kakata suke yi wa wayarsu: daga ina take, ƙarfinta nawa, a daidaice take ko da fizga? Ma'aunin iska da Francis Beaufort ya tsara a 1805 ma da ido ake karanta shi. In farin kumfa ya fara yawa a kan igiyar ruwa, an kai mataki na 4, not 11 zuwa 16, wasa ya yiwu. Da rana tudu yakan riga ruwa ɗaukar zafi, sai iska ta taso daga teku zuwa gaɓa bayan azahar. Wadda suke tsoro ita ce mai fitowa daga tudu: a bakin gaɓa ruwa lumui, amma in tanti ya faɗi ko igiya ta tsinke, can tsakiyar teku za ta yi da mutum.